Wanda Zai Zage Ni a Bakin Rijiya

Sana'ata yasar rijiya. In ruwan rijiyarka ya fara wari, ko laka ta cinye ta, ko wata dabba ta faɗa ciki, ni ake kira. Ni nake sauka, don ni gajere ne kuma ba ni da nauyi. Shi ya sa kowa ke ce mini Guga. Tun ina jin haushin sunan har na gaji na bari. Yanzu matata ma in ranta ya ɓaci da shi take kirana.

Mai sauka ba ya aiki shi kaɗai. Dole a samu mai riƙe igiya, kuma ƙa'idar aikin ita ce mai riƙo ya ninka mai sauka nauyi. Nawa mai riƙon mijin ƙanwata ne, ana ce masa Turke. Mutum ne da in ya tsaya a ƙofa sai ɗaki ya yi duhu. Yana da wata ɗamara mai faɗi da aka yanko daga bel ɗin injin niƙa. Zai ɗaura ta a ƙugu, igiya ta zagayo ta bayanta, ya kafa ƙafafu a bakin rijiya ya kwanta da baya. In ya yi haka ko jaki ka rataya masa ba zai motsa ba.

Amma ƙarfi rabin aikinsa ne. Abin da ke kashe mai yasa ba faɗuwa ba ne, iska ce. Kafin in sauka mukan zura fitila, in ta mutu ba a shiga. To amma rijiya munafuka ce. Fitila za ta ci lafiya lau, ka sauka, ka fara kwasar laka, sai muguwar iskar da ke kwance a ƙarƙashi ta taso. Ba ta da zafi, daɗi ma take yi. Sai ka ji wani barci mai sanyi, ka ce bari in ɗan jingina. Wanda ya jingina ba ya jan igiya a fito da shi, don bai san tafiya yake ba.

Dabararmu ita ce zagi. Daga lokacin da kaina ya shige har in fito, Turke ba ya rufe baki, ni kuma dole in rama. In ramuwata ta yi jinkiri, ko ta fito ba gishiri, ba ya tambayata komai, janyo ni kawai yake. Tambayar “lafiya kake?” aikin banza ce. Mutum yana gangarawa lahira ma zai ce maka lafiya lau. Amma rama zagi sai kai yana aiki.

Ƙanwata, matar Turke, malamar sakandare ce. Ita kaɗai ta yi karatu a gidanmu, ni ban yi nisa ba. Akwai wani tsohon littafin shaguɓe da take koyarwa duk shekara. Labarin wata ƙasa ne da aka ce jikin mutum yana bin halinsa: ka yi alheri ka ƙaru, ka yi ƙeta ka ragu. Manyan ƙasar ƙatti ne, kawunansu na taɓa rufi, su kuwa 'yan kurkuku 'yan mitsi-mitsi, a tafin hannu ake kai su gaban alƙali. Tun suna sabon aure ta ba Turke labarin, shi kuwa ya samu makami. Ina can ƙasa cikin laka zuwa gwiwa, sai ka ji muryarsa ta cika rijiya:

“Guga! Wai me ka yi wa mutane ne? Littafi ya ce ba a banza ake gajarta ba!”

“Littafin bai ce komai a kan wanda ƙwaƙwalwarsa ta tsaya cikinsa ya ci gaba ba?”

“Faɗi gaskiya dai, marayu nawa ka cuta?”

“Me zan samu a wajen marayu? Ai ka riga ni zuwa tukunyarsu!”

Masu gida sukan taru su yi ta dariya, sun ɗauka shashanci muke. Haka muka yi ta yi har gemunmu ya fara fari.

Sai ciwo ya kama Turke. Zazzaɓi ne da ya ƙi sauka, ya kwanta asibiti har aka fara kiran dangi. Allah ya sa da sauran kwana. Likita ya sallame shi ya ce ciwo ya tafi, saura ci da motsa jiki. Amma mutumin da muka dawo da shi gida bai kai rabin wanda muka kai ba. Wuyan nan da ya yi kamar turmi ya koma kamar na tulu. Agogonsa yana zamewa har gwiwar hannu.

'Yan dubiya kuwa ba su taimaka ba. Kowa ya ɗaga labule sai ya ja baya ya ce, “Kai! Turke, kai ne ka koma haka?” Wata gwaggonsa har da kuka, kamar gawa aka nuna mata. Ni kuma na kawo tawa gudummawar. Na ga ya yi shiru da yawa, na ce wa ƙanwata, “Auta, ɗauko littafin nan naki ki karanta masa, ko ya tuna abin zagina ya yi dariya.” Ta ɗauko. Ashe a tsakiyar littafin akwai wani ƙato da ya fara raguwa, mutanen gari suka daina gaishe shi, in ya wuce sai su haɗa kai suna cewa ko me ya aikata. Tana kaiwa nan ya ce ta rufe. Daga ranar ya sa aka hana 'yan dubiya shiga, ya daina fitowa ko tsakar gida.

Ni ba a hana ni shiga ko'ina. Na tura ƙofa na same shi kwance ya juya wa taga baya. An lulluɓe madubin kabad da zanen gado. Farantin shinkafa a ƙasa, cokali biyu ya yi ya ajiye. Ɗamarar nan tana rataye a ƙusa, ƙura ta hau ta.

“Tashi,” na ce. “Aiki ya taru.”

“Nemi wani.”

“Ban tambaye ka shawara ba.”

Ya juyo, ya miƙo mini hannunsa. “Kama nan.” Na kama damtsensa, yatsuna suka kusa haɗuwa. “In ka rataya a jikina yanzu, tare za mu isa ƙasa. Kai ma ka sani.”

Na sani. Ban musa ba.

Ya janye hannunsa ya ce, “Shekara da shekaru ina ce maka ba a banza ake raguwa ba. Wasa nake. To yanzu in na kwanta sai in ga ina bin rayuwata daki-daki, ina neman abin da na yi.”

“Ka samu?”

“Ba a rasawa.”

“To kai wawa ne,” na ce. “Zazzaɓi ne ya cinye ka, ba zunubi ba. In littafin nan gaskiya ne, ni ne mugun garin nan kaf, kuma ƙanwar mugu kake aure.”

Da can da na faɗi haka, da ya ce ai shi ya sa yake tausaya mata. Wannan karon juyawa ya yi ya kalli bango. Nan ne na ji tsoro. Ramar jikinsa ba ta ba ni tsoro ba kamar yadda ya bar zagi ya faɗi ƙasa bai ɗauka ba.

Gida ba ya ci da jira, dole na nemi mai riƙo. Na samu wani ɗan dako a kasuwa, ana ce masa Buhu-biyu, don ba ya ɗaukar buhu ɗaya. Magidanci ne da 'ya'yansa, jiki kamar ƙofar gareji, ga hankali ga ladabi. Ladabin ne matsalar. Na zaunar da shi na yi masa bayanin aiki, ya gane komai, har muka zo kan zagi.

“Baba, ni in zage ka? Allah ya kiyaye. Ai ka yi ƙanen babana.”

“Aiki ne. Zage ni.”

Ya sosa ƙeya, ya kalli ƙasa, ya yi ta nishi kamar zai ɗaga mota. Can ya ce, “Baba... gaskiya ba ka cika tsawo ba.” Sai ya yi maza ya ƙara, “Amma hakan ma ya yi maka kyau.”

Na ce mu je haka nan.

Mun yi ƙananan ayyuka lafiya. Sai aka kira mu gidan burodi, wata tsohuwar rijiya a bayan tanda, mai zurfi da ƙuncin baki. Fitila ta ci, na sauka. Ina cika bokiti ana ja, Buhu-biyu yana leƙowa yana cewa, “Baba, lafiya?” ina cewa lafiya. Abin da na tuna na ƙarshe shi ne bangon rijiyar ya yi mini laushi kamar katifa, na kwantar da kumatu a kai. Na ji ana cewa, “Baba, lafiya?” daga nesa, na kuma ji bakina ya ce lafiya lau.

Mai gidan burodin ce ta cece ni. Mace ce mai faɗa, ta fito ganin ko aiki na tafiya, ta ga bokiti ya daɗe bai fito ba. Ta ce, “Barci na kawo shi ya yi? Janyo mini shi in gan shi!” Na farka a kwance a ƙasa kusa da itacen tanda, ina amai, Buhu-biyu yana hawaye yana rantsuwa cewa ni da bakina na ce masa lafiya lau.

Matata ta ɗauke igiyata ta kulle a akwatin kayanta. Ta ce ita ba ta shirya takaba ba, in sauka nake so sai dai in Turke na wurin. Ban yi mata gardama ba, don ƙafafuna ma ba su gama dawowa ba.

Da na ji dama na tafi gidan ƙanwata. Na same ta a falo ta baza takardun ɗalibai tana duba su da jan biro.

“Auta, wai littafin nan naki, ya ƙarshensa yake?”

Ta cire tabarau. “Sai yau ka tambaya, Yaya? A ƙarshe an gano ba hali ne ke ƙara su ba, abinci ne. Masu riƙe da makullin rumbu su ne ƙattin. Su suka ci suka girma, sannan suka kafa doka cewa girma hali ne. Mai littafin dariya yake yi wa masu auna mutum da ido.”

“To shekarun nan duka da rabin littafi mijinki yake zagina?”

“Ya san ƙarshen. Tun farko na gaya masa, ya ce rabin farko ya fi amfani a bakin rijiya.”

“To ki tuna masa mana!”

“Na tuna masa har bakina ya gaji.” Ta kalli ƙofar ɗakin, ta rage murya. “Yaya, tun yana yaro in an ce Turke, jikin nan ake nufi. Da shi ya ci abinci, da shi ya raba faɗa, da shi ya riƙe ka. Yanzu ya duba bai gan shi ba. Wane shafi zan buɗe masa?”

Na tura ƙofar ɗakin Turke na shiga. Ban zauna ba.

“Na kusa mutuwa a gidan burodi.”

Ya tashi zaune, abin da ban ga ya yi da sauri ba tun dawowarsa. “Wa ya riƙe ka?”

“Ƙato ne, ya fi ka a da. Igiya ba ta motsa ba. Tambayata yake ko lafiya.”

“Tambayarka yake?” Idonsa ya kawo ja. “Wane sakarai ne ke tambayar mutum a rijiya?”

“Mai ladabi. Gobe da safe zan koma in ƙarasa. Shi zai riƙe igiya. Ba jikinka nake nema ba, riƙe abinka, dama ba shi da yawa. Bakin nan nake so, shi ban ga ya rame ba.”

“In fita mutane su gan ni haka?”

“Su gan ka mana. Ni haka suke ganina tun da aka haife ni, ban mutu ba.”

Ya koma ya kwanta. Na fita ban rufe masa ƙofa ba.

Da safe na gaya wa matata Turke zai zo, ta ba ni igiya tana kallon cikin idona. Ni kaina ban san ko gaskiya na faɗa mata ba. A gidan burodi muka buɗe tsohuwar lema muka ɗaure ta, muka yi ta zura ta muna janyowa don ta kori iskar da ta kwanta. Na zura fitila, ta ci. Na warware igiya na sake naɗewa. Na duba ƙullin da ba abin da ya same shi. Mai gidan burodi ta fito ta ce ko sai na sha shayi ne za a fara. Rana ta hau bango. Na riga na fara tunanin abin da zan ce mata in kwashe kayana, sai ga tasi ta tsaya a bakin lungu.

Ƙanwata ta fara fitowa, sannan Turke. Ya sa babbar rigarsa ta da, ta zubo masa kamar an yafa wa sanda. Yana tafiya a hankali, ɗamarar nan a hannunsa. Ma'aikatan tanda sun san shi, suka tsaya da farantan burodi a ka. Ɗaya ya buɗe baki, “Kai! Turke, kai ne...”

“Burodinka na ƙonewa,” na ce masa. Ya wuce.

Aka kawo kujerar roba aka ajiye a bakin rijiya. Turke ya zauna yana haki. Ya kalli Buhu-biyu daga sama har ƙasa, ya miƙa masa ɗamarar. “Ɗaura. Igiya ta bayanta take bi, ba a hannu ake naɗe ta ba. Aro na ba ka.”

Na sauka. Sanyin ruwa ya kama ƙafata, na ɗaga kai na ga ɗan farin da'irar sama da kawuna biyu a gefenta. Na fara cika bokiti. Shiru. Bokiti ya tafi ya dawo, shiru. Can na ji wata 'yar murya:

“Ka isa?”

Na ce a raina, to, Turke ma ya koma mai ladabi, mun mutu. Abu ɗaya ya rage, wanda tun dawowarsa ba wanda ya yi masa. Kowa tausayinsa yake ji. Na cika ƙirji na ɗaga murya:

“Wa ke magana ne? Ni dai riga na ga an shanya a kujera, ban ga mutum ba!”

Rijiya ta maimaita ta yi tsit. Na ji ƙanwata ta ce, “Haba Yaya!” Na tsaya da shebur a hannu, ruwa na ɗiga daga bango. Na ce shi ke nan, na ƙarasa abin da zazzaɓi ya bari.

Sai na ji tari. Tarin ya juye ya zama dariya, dariyar da ta girgiza kujerar roba har na ji ƙararta a ƙasa.

“Ɗan tsurut! An cire mini rabi, amma in na tsaya har yanzu a hammatata kake kwana!”

“Ka yi a hankali da iska, kar ta kai ka rufin tanda!”

“In ta kai ni ma na ga duniya. Kai me ka taɓa gani ban da gwiwoyin mutane?”

“Auta, riƙe shi, kar ya zame ta wuyan riga!”

“Ni asibiti ne ya rage ni, akwai takarda. Kai fa? Littafi ya ce...”

“Rabin littafi!”

“Rabin ya ishe ka, ai kai ma rabi ne!”

Ma'aikatan tanda suka bar aiki suka taru. Mai gidan burodi ta zo korar su, ita ma ta tsaya. Bokiti na hawa yana sauka, laka na raguwa, muryar nan tana ƙara cika rijiya kamar da. Mun yi nisa, na kusa taɓa dutsen ƙasa, Turke ya jefo wata baƙar magana a kan cewa matata a kan kujera take ɗora ni in za ta yi mini faɗa. Na ba shi amsa. Ban ankara ba sai na ji igiya ta ɗaure a ƙirjina, ƙafafuna sun bar laka.

“Ja! Ja, kar ka tsaya!”

Na fito ina masifa. “Wa ya ce a janyo ni? Saura kaɗan in gama!”

Turke yana tsaye. Ban ga lokacin da ya tashi ba. Hannunsa ɗaya a kan igiya, gaban na Buhu-biyu. “Me ka ce mini yanzu?”

“Na rama mana.”

“Cewa ka yi, ‘Kai ma haka.’ Tun da nake da kai ba ka taɓa ce mini ‘kai ma haka’ ba. Zauna.”

Aka zura fitila. Ta wuce rabi tana ci, ta yi ja, ta mutu. Ni dai har yau ina cewa fitilar tsohuwa ce, lagwaninta ya ƙare, kuma mutum yana iya rasa abin faɗa sau ɗaya a rayuwarsa. Amma na zauna, don ƙasa ta ɗan yi mini yawo.

Muka koma kan lema. Mai gidan burodi ta aiko da burodi mai zafi da shayi. Ƙanwata ta gutsura ta miƙa wa mijinta kaɗan, yadda ta saba a gida. Ya karɓa ya cinye, ya miƙa hannu ya ɗauki sauran gaba ɗaya. Ta kalle ni, na kalli rijiya.

“Kai, Buhu-biyu,” ya ce da baki cike, “matso. Hannunka ya yi, bakinka ne ba shi da amfani. Kalli mutumin nan da kyau. Me ka gani?”

“Baba na gani.”

“Ba Baba ba ne, guga ne. Fara da kunnuwan, sun fi sauƙi.”

Buhu-biyu ya kalle ni, ya kalli kunnuwana, ya rufe baki da hannu. Kafaɗunsa suka fara rawa.

“Ka gani? Akwai shi a cikinka, fitowa ne bai yi ba. Kafin ya fito ni zan riƙa zama.” Ya juyo wajena yana karkaɗe ɓurɓushi daga rigarsa. “Gobe ina ne?”

“Bayan makarantar Auta. Mai faɗi ce, ba zurfi.”

“To ka zo da kujera mai hannu. Wannan tana cin baya, yanzu ba ni da abin da zan tare ta da shi.”